Kira Ga Jama'a: Mu Rubuta Wa Masu Buƙata Ta Musamman Takardar Bayanin Kai

Wannan kira ne ga duk gidan da yake da kurma, ko makaho, ko gurgu, ko mai farfaɗiya, ko yaron da ya girma bakinsa bai buɗe ba, ko tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. Gidan da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to akwai a maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da wata babbar nakasa, kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya ke nan, kusan mutum ɗaya a cikin kowane shida. Ta ƙara da cewa wasunsu suna riga sauran mutane mutuwa da tazarar da takan kai shekara 20. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma sakaci namu ne, kuma babban ɓangare na wannan sakacin ya samo asali ne daga abu guda: mutum ya zo neman taimako, wanda zai taimake shi bai san yadda zai yi da shi ba.

Abin da nake roƙo takarda ce guda ɗaya, gaba da baya. Mu zauna da ɗan'uwanmu mai buƙata ta musamman mu rubuta a cikinta ko shi wane ne, yadda ake magana da shi, abin da yake cutar da shi, da abin da ya kamata a yi masa idan ya shiga hannun mutanen da ba su san shi ba. Ya riƙe ta a aljihu ko a jaka, ya miƙa ta a asibiti, a makaranta, a banki, a ofishin 'yan sanda, a duk inda za a yi masa wani aiki.

Ku je kowane babban asibitin gwamnati da safe ku tsaya a wurin jiran likita. Benci a cike, wasu a ƙasa, ma'aikaciya ta fito da tarin fayil tana kiran suna da baki. Can gefe ga wata mata tun bayan asuba take zaune da katinta a hannu. An kira sunanta sau uku ba ta motsa ba, aka mayar da fayil ɗinta ƙasa. Sai wajen azahar, da wuri ya yi fili, ma'aikaciyar ta karɓi katin ta duba.

"Haba Hajiya, tun safe muke kiran sunanki, ina kika shiga?"

Matar ta zuba mata ido. Wata da ke kusa ta ce, "Sista, kurma ce fa."

"To ina ɗan rakiyarta?"

Ɗan rakiya ya tafi layin biyan kuɗi. Aka shigar da ita wurin likita a gajiye, shi ma a gajiye, ya rubuta magani ya miƙa mata, ta fito ba ta san sau nawa za ta sha ba, ba ta san ko kafin cin abinci ne ko bayan ci ba. A duk wannan babu mugu ko ɗaya. Ma'aikaciyar tana fama da ɗaruruwan mutane, likitan yana da mintuna kaɗan ga kowa. Da a ce tun da safe matar ta miƙa takarda mai layi biyu a samanta, "Ba na ji. Idan layina ya zo a taɓa kafaɗata. A zana mini yadda zan sha magani," da ta koma gida kafin rana ta take.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wata ƙwararriya a kan gyaran magana, Sally Millar, ita ta fara tsara irin wannan takarda a 1991, a wata cibiya ta Jami'ar Edinbara da ke Sukotland, saboda yara da manya waɗanda ba sa iya bayyana kansu da baki. Ta lura cewa duk sanin da ake yi wa irin waɗannan mutane yana cikin kan mutum ɗaya ko biyu, galibi uwa ko malama, kuma ranar da aka sauya makaranta ko ma'aikaci sai komai ya koma farko. Daga baya asibitocin Ingila suka ɗauki tsarin suka raɗa masa fasfon asibiti. Da yawansu sun raba shi launi uku irin na danjar titi. Ja shi ne abin da dole ma'aikaci ya sani kafin ya taɓa majinyaci. Ruwan ɗorawa shi ne abin da yake da muhimmanci a zamansa na yau da kullum, kamar cin abinci da wanka da barci. Kore kuwa abin da yake so ne da abin da ba ya so. A Japan, gwamnatin birnin Tokiyo ta fito da wata 'yar alama ja a 2012, mai ɗauke da hoton zuciya da alamar agaji, ana rataya ta a jaka, ana kuma liƙa bayanin mutum a bayanta.

Kada wani ya ɗauka gayu ne ya sa Turawa suka yi haka. Gawa suka gani. A 2007 ƙungiyar Mencap, mai kare haƙƙin masu ƙarancin fahimta a Birtaniya, ta fitar da rahoto a kan mutum shida da suka rasu a hannun hukumar lafiyar ƙasar. Ɗaya daga cikinsu Martin Ryan ne, ɗan shekara 43, wanda ba ya magana. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, haɗiya ta gagare shi, ya yi kwana 26 a gadon asibiti babu abinci, har ya rasu a watan Disamba na 2005. Likitoci suna zaton an sa masa bututun abinci, ba a sa ba, shi kuma ba shi da bakin da zai ce yunwa yake ji. Wannan fa a ƙasar da asibitocinta ba sa rasa wuta ko magani. Ku auna da namu, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya takan kwana da ɗaki guda cike da majinyata.

To me za a rubuta? A fara da hoton mutum da sunan da yake amsawa, domin da yawa sunan da ke kan kati daban, wanda ake kiransu da shi a gida daban. A sa lambar wayar mutum biyu, kada a tsaya a kan ɗaya. Daga nan sai a shiga zance, kuma a rubuta shi da bakin mai takardar, kamar shi ne yake magana. Ga misalin yadda ta wani saurayi mai ciwon ƙwaƙwalwa da ya taɓa masa jijiyoyin jiki za ta iya kasancewa:

"Ina jin duk abin da ake faɗa, kuma ina ganewa. Magana ce take yi mini nauyi, a ba ni lokaci. Idan na ɗaga gira, e nake nufi. Idan na kau da kai, a'a ne. Ba na kuka idan ina jin ciwo, cizon hannuna nake yi. Kada a ba ni abinci ina kwance, kada a yi mini ɗura, ina shaƙewa. A zaunar da ni, a ba ni koko mai kauri da ƙaramin cokali. Septrin yana fesa mini ƙuraje. Kafin a yi mini allura a nuna mini ita, a gaya mini inda za a yi."

Ku sake karanta shi. Babu kalmar likitanci a ciki sai sunan magani ɗaya, amma kowane layi zai iya raba mutum da wahala, wani ma da mutuwa. Ɗurar da muke yi wa yara cikin ƙauna, ga mai matsalar haɗiya hanya ce ta tura abinci cikin huhu, daga nan sai ciwon haƙarƙari mai tsanani. Uwarsa ta san haka tun yana goye. Sabuwar ma'aikaciyar da ta karɓi aikin dare ba ta sani ba, kuma babu inda za ta gani a cikin fayil.

Kowace lalura da irin bayanin da take buƙata, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Kurma ya rubuta wace irin maganar hannu yake yi. Mutane da yawa ba su san cewa iri biyu ce a ƙasar Hausa ba. Akwai tamu ta gargajiya wadda kurame suka gada a kasuwa da unguwa, wadda wata Bajamushiya mai nazarin harshe, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano ta wallafa littafi a 2000. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta daga Amurka yake, ta biyo hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Sai ka ga an wahala an nemo tafinta, ya zo yana ta jujjuya hannu irin na makaranta, dattijon da aka kira shi dominsa bai fahimci ko ɗaya ba. Kurman da yake karanta leɓe ya rubuta cewa a sauke takunkumin fuska a dube shi sosai, domin lokacin annobar korona a 2020 kurame sun ga tasku a kan wannan. Ya kuma rubuta ko yana karanta boko, ko ajami, ko babu ko ɗaya.

Mai farfaɗiya ya rubuta yadda tasa take zuwa, da tsawon lokacin da takan ɗauka, da sunan maganinsa da adadinsa. Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a cusa masa cokali ko tsinke a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko man ja. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, idan ta wuce minti 5 a garzaya da shi asibiti. Ya ƙara da cewa yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo, domin wannan camfin shi yake sa a watse a bar mutum yana burgima kusa da murhu ko bakin rijiya.

Wanda ya ji rauni a laka, ƙafafunsa ba sa jin komai, ya rubuta cewa a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya zai kama shi, kuma gyambon nan yana kisa. Wanda ya yi kuturta ya sha magani ya gama, ya rubuta cewa ba ya yaɗa ta ga kowa, sannan tafin hannunsa da na ƙafarsa ba sa jin zafi, saboda haka a gwada ruwan wanka kafin a ba shi. Shi ne kuma ya fi kowa shan wuya a banki da wurin yin katin ɗan ƙasa, inda na'ura take neman zanen yatsan da ba shi da shi, a yi ta cewa ya je ya dawo. Takardarsa ta faɗi haka tun daga bakin ƙofa, a nemi wata hanyar tantance shi. Mai sikila ya rubuta rukunin jininsa, da asibitin da yake zuwa, da maganin ciwon da likitansa ya saba ba shi idan ciwon ya tashi. Duk mai sikila a ƙasar nan ya san kallon da ake yi masa idan ya ambaci sunan allura da bakinsa, kallon ɗan ƙwaya, alhali ƙashinsa ne yake ci da wuta. Zabiya ɗan makaranta a rubuta wa malamansa cewa ganinsa gajere ne, a zaunar da shi a gaban allo, a bar shi ya sa hula da riga mai dogon hannu, kada a tsayar da shi a rana da sunan horo. Makaho kuwa sau da yawa layi ɗaya ya ishe shi: "Ni za a yi wa magana, ba ɗan jagorana ba. A karanta mini takarda kafin in sa hannu."

Na san abin da wasu za su ce. Mu ai ba Turawa ba ne, ba ma barin majinyacinmu shi kaɗai, kullum akwai mai jinya a gindin gado. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai duk wanda ya taɓa jinya ya san rabin yinin mai jinya a waje yake ƙarewa: sayen magani, neman jini, kai gwaji, karɓo sakamako, ɗebo ruwa, salla. Likita kuwa ba ya jiran kowa idan ya fito zagaye. Sannan masu jinya karɓa-karɓa suke yi, yau uwa, gobe ƙanwar uba da ta zo daga ƙauye ba ta san komai a kan yaron ba. Haɗarin mota ba ya sallama, sai dai a kwashi mutum a kai shi asibitin garin da ba a san shi ba. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta raba iyalai da yawa a Maiduguri cikin dare ɗaya, kamar yadda rikicin arewa maso gabas da na 'yan bindiga suka watsa mutane cikin sansanoni. Yaron da ba ya magana idan ya ɓace wa uwarsa a irin wannan rana, wa zai faɗi sunansa, balle maganinsa?

Akwai kuma maganar da ba ma son yi. Uwar da ta haddace komai game da ɗanta tana tsufa. Wata rana za a wayi gari babu ita, duk abin da ta sani ya bi ta kabari, a bar 'yan'uwa suna lalube. Iyaye mata, ku yi wa Allah ku zauna a rubuta abin da ke cikin kanku tun kuna da ƙarfi. Ku ne kuka fi kowa sanin darajar irin wannan takarda, domin ku kuke adana katin awo da katin rigakafin yara a ƙasan akwati shekara da shekaru, ko'ina kuka je da shi ma'aikaciya ta duba ta san inda aka tsaya. Wannan ma haka take, illa dai ku ne za ku cike ta da kanku.

Sai batun kunya. Matar aure kurma da ta zo da matsalar da ta shafi al'aura ko haihuwa, a ce ɗanta namiji ko ƙanin mijinta ne zai yi mata tafinta? Da yawa sukan gwammace su yi shiru su koma gida da ciwonsu. A takardarta tana iya cewa mace take so ta duba ta, kuma ga wadda ta amince ta shiga da ita.

Doka tana bayanmu a wannan magana, ko da yake da yawa ba su san da ita ba. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, Nijar ta riga ta tun 2008. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikatar da ta nuna bambanci, mutum ɗaya kuwa naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida. Ta ce a ba mai nakasa fifiko a layi. Ta ce asibitin gwamnati da yake duba mai matsalar ji ko magana ya tanadi hanyar fahimtar juna da shi. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika a Janairun 2024, kowa kuma yana ganin matattakalar da har yanzu ake ɗaukar guragu a kai kamar buhu. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda take bayar da shaidar nakasa. Shaidar nan tana da amfani, duk mai hali ya nema. Amma iyakarta ta tabbatar cewa wane yana da lalura kaza. Ba za ta gaya wa ma'aikacin jinya cewa wannan mutumin cizon hannu yake yi idan yana jin ciwo ba. Doka ta ce a biya buƙata, takardar bayanin kai ita take faɗin mece ce buƙatar.

Yanzu bari in juyo gare ku, likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da masu ba da kati, domin rabin aikin a hannunku yake. A watan Nuwamba na 2016 wani matashi ɗan shekara 18, Oliver McGowan, ya rasu a wani asibiti a birnin Biristol na Ingila. Yana da farfaɗiya da lalurar galahanga. Shi da iyayensa sun faɗa sun nanata cewa wani rukunin maganin taɓin hankali ba ya karɓarsa, aka ba shi duk da haka, ƙwaƙwalwarsa ta kumbura. Mahaifiyarsa, Paula McGowan, ta ba da labarin cewa a wani kwanciyar asibiti da ya yi sun miƙa fasfon asibitinsa, aka jefa shi cikin durowa ba a ko duba ba. Ba ta yi shiru ba, ta yi ta fafutuka har dokar lafiya ta 2022 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya a Ingila samun horo a kan kula da irin waɗannan majinyata, horon da gwamnati ta tsara kuma yana ɗauke da sunan ɗanta. Kun ga ke nan rubutu kaɗai bai wadatar ba. Idan aka miƙa muku takarda, ku karanta kafin ku ɗauki allura. Minti biyu ne, kuma zai rage muku wahalar rabin awa ta kokawa da majinyacin da ya firgita. Ku liƙa kwafi a bangon fayil. Idan za ku miƙa aiki ga masu karɓar ku, ku ce musu gado kaza yana da takarda. Iyayen da suka ce muku ɗansu ba ya shan wani magani ba raina iliminku suka yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wata matsala tamu ta gida da sai an yi maganinta. A tashoshin mota da kasuwanni mun saba da masu miƙa 'yar takarda ta neman taimako, har hannunmu ya saba da ture duk takardar da mai nakasa ya miƙo, da "Allah ya ba da haƙuri". Idan ba a yi hattara ba haka za a yi wa wannan. Shi ya sa ya kamata a rubuta a samanta da manyan baƙaƙe: "Ba bara nake yi ba. Karanta kafin ka duba ni." Shi ya sa kuma nake roƙon shugabannin asibitoci su buga fom ɗin da kansu, da tambarin asibiti, a ajiye shi a wurin ba da kati, likita ya sa hannu ya buga hatimi a sashen magunguna. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, duk suna ganin irin waɗannan majinyata kullum. Ɗaya daga cikinsu ya fara, saura za su kwaikwaya. Makarantu irin su ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi a Gindiri suna iya sa kowane ɗalibi ya fita da tasa a hannu, kafin ya shiga jami'a ko wurin aiki inda zai sake bayanin kansa daga farko.

Ga iyalai kuma, akwai gargaɗi. Takardar ta mai ita ce. Kada a zauna a bayan idonsa a rubuta abin da aka ga dama, musamman idan baligi ne mai hankalinsa. A tambaye shi, a karanta masa, ya yarda da abin da zai shiga ya hana abin da ba ya so. Wanda ba ya iya magana ma yana da hanyar nuna yarda da ƙi, a bi ta. Kada a cika ta da "ba ya iya kaza, ba ya iya kaza". A faɗi abin da yake iyawa: yana cin abinci da kansa, yana ɗinki, ya sauke Alƙur'ani, yana son a kunna masa rediyo da safe. Ma'aikacin da ya karanta haka da mutum zai yi mu'amala. Kuma sirri ne. Ba abin ɗorawa a Facebook ba ne don neman tausayi, ba kuma dole ne mai gadi ya ga abin da aka rubuta domin likita ba. Wanda ya ga dama ya yi guda biyu, gajera ta banki da tasha, cikakkiya ta asibiti.

A rubuta da Hausa, a sa Turanci a bayanta saboda ma'aikacin da ba ya jin Hausa. 'Yan'uwanmu na Nijar su sa Faransanci. Masu tsallaka iyaka neman magani, daga Maraɗi zuwa Katsina da Kano, ko daga Sakkwato zuwa Galmi, su yi ƙoƙari su haɗa duka ukun. Wanda ajami ya iya ya rubuta tasa da ajami, a juya masa zuwa boko. A kai shagon kwamfuta a buga a rufe ta da roba saboda ruwa da gumi, kuɗin bai kai na katin waya na mako ba. In babu hali, biro da takardar littafin makaranta a cikin leda sun wadatar. A ɗauki hotonta a waya, a tura wa mutum biyu ko uku na gida ta WhatsApp. A sa kwanan wata, kuma duk lokacin da likita ya sauya magani a sauya takarda, domin tsohon bayani a kan magani yana iya yin ɓarnar da ta fi ta rashin bayani.

Ba mu rasa waɗanda za su ja wannan aiki ba. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da Sarkin Bebaye a garuruwanmu tun da daɗewa, sun san mutanensu gida-gida. Ranku ya daɗe, ku kira taro, ku nemi ɗaliban makarantar koyon jinya da 'yan bautar ƙasa su zo da biro su zauna da jama'arku yini ɗaya. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa tana da rassa a jihohi, ta tsara fom ɗaya da Hausa ta kai wa kwamishinonin lafiya. Malamai a kan mumbari da fastoci a majami'u, ku ba wannan magana minti biyar. Gidajen rediyo, ku karanta misalin takardar a shirin lafiya, domin makaho da matar da ke cikin kulle ta nan saƙo yake isa gare su. Malaman Islamiyya, kuna da 'yan mata masu kyakkyawan rubutu, ku tura su gidajen unguwa su taya iyaye mata.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira fom ko hatimi ko sanarwar gwamnati. Ka san mutumin da wannan kira ya shafa, tun ɗazu sunansa yake cikin ranka. Ka je wurinsa kafin Juma'a mai zuwa da takarda da biro, ka gaishe shi, ka tambaye shi me yake so baƙo ya sani game da shi idan ba ka nan. Ka rubuta abin da ya faɗa, ka karanta masa, ka ba shi abinsa ya riƙe.